Jirgin fito: yadda ake zama da yadda ake tuƙi

A wannan fili mun saba yin magana a kan gona da rumbu da lafiyar iyali. Yau za mu gangara bakin ruwa.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Tasawa ko na Tanut da jirgin ruwa? Ruwansa yana da yawa. Ƴan kasuwarmu suna zuwa Gaya da Malanbil sarin kaya. Samarinmu suna tafiya ci-rani Yawuri da bakin tafkin Cadi. Akwai masunta a tafkin Madarunfa, da Tabalak, da Gidimuni. Da damina kuwa, in gulbin Maraɗi ya kawo, manomi da yawa ba ya isa gonarsa sai an fitar da shi. Mutumin tudu ma ya fi shiga haɗari a jirgi, domin bai iya iyo ba, bai kuma san halin ruwa ba.

Kogin Isa, wanda ake kira Kwara a Najeriya, yana ratsa ƙasarmu tsawon kilomita 550 ko kusa da haka. A Yamai akwai gadoji, na farkonsu gadar Kennedy da aka buɗe a 1970. Akwai kuma gada tsakanin Gaya da Malanbil. Amma yawancin ƙauyukan bakin kogi ba su da hanyar ƙetarewa sai jirgin fito.

Abin da ya faru a Sambera

A watan Fabrairu na 2019, wani babban jirgin katako ya taso daga ɓangaren Benin zai kai mutane cin kasuwa a jahar Doso. Akwai mutum wajen 100 a ciki, ga kuma buhunan hatsi. Iska ta taso. Jirgin ya kife a yankin Sambera, ba nisa da gaɓa. Mutum fiye da 40 suka salwanta.

Kafin wannan, a watan Satumba na 2017, wani jirgi ya tashi daga Gaya da ƴan kasuwa zuwa kasuwar Lolo a jahar Kabi ta Najeriya. Shi ma ya kife, mutum fiye da 30 suka rasu. A watan Mayu na 2021, a kusa da Wara, cikin jahar Kabi ɗin, jirgi mai ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, ƴan kaɗan aka ceto. A watan Yuni na 2023, a yankin Patigi na jahar Kwara, mutum fiye da 100 suka halaka suna dawowa daga biki cikin dare.

Allah ya jiƙansu. Amma mu dubi waɗannan labarai da kyau. Kasuwa ce ko biki. Kowa yana sauri. Jirgi ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Iska ko kututture su ne suka ƙarasa aikin, amma tun daga bakin gaɓa aka fara shi, lokacin da ake lodi. Jirgi mai lodi daidai, wanda mutane suka zauna cikinsa yadda ya kamata, yana iya jure iskar da za ta kifar da ɗan'uwansa.

Gwaji da ƙwarya

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi a gida, ko a ajin yaƙi da jahilci. A cika babban baho da ruwa. A ɗora ƙwarya a kai. A samo ƙananan duwatsu kamar 10.

Da farko a zuba duwatsun a tsakiyar gindin ƙwaryar. A kaɗa ruwan da hannu. Ƙwarya za ta yi rawa, amma ta koma daidai. Sai a tura duwatsun gefe ɗaya. Nan da nan bakinta zai sunkuya, ruwa kaɗan ya isa ya shiga. Na uku, a gicciya ɗan katako a kan bakin ƙwaryar, a jera duwatsun a bisansa. Duwatsun nan dai su ne, nauyinsu bai ƙaru ba. Amma yanzu ko hura ta aka yi da ƙarfi sai ta tuntsure.

Haka jirgi yake. Nauyin da ke ƙasa, a tsakiya, yana riƙe jirgi. Nauyin da ke sama ko a gefe yana jan shi ya kife. Mutumin da ya miƙe tsaye ya ɗaga nauyinsa sama. Mutumin da ya hau kan buhuna ya zama kamar dutsen nan da ke bisa katako. Duk ƙa'idodin zama a jirgi daga nan suka fito.

Yanzu a ƙara duwatsu a ƙwaryar, ɗaya bayan ɗaya, a tsakiya. Za ku ga tana nitsawa a hankali, har bakinta ya kusa daidai da ruwa. Ba ta karkata ba, amma ƴar igiyar ruwa ɗaya ta isa ta cika ta. Wannan shi ne lodin wuce kima. Tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi ita ce garkuwar waɗanda ke ciki. Kafin ka shiga jirgi, dubi wannan tazara. A ganina, in ba ta kai ɗani ɗaya ba ko a ƙaramin tafki mai kwanciya, kada ka shiga. A babban kogi, inda iska ke ta da igiyar ruwa, ana bukatar fiye da haka nesa ba kusa ba.

Mu yi lissafi

Mai jirgi yakan ƙirga kawunan mutane ya manta da kaya. Buhun gero ko na masara kilo 100 ne. Babban mutum kuwa kilo 60 zuwa 70. Ke nan buhu 20 sun kai kilo 2000, nauyin mutum 30. Jirgin da aka ce yana ɗaukar mutum 60, in an sa masa buhu 20, saura wurin mutum 30 kawai. In aka sa buhunan, aka kuma zuba mutum 60, to mutum 90 ya ɗauka. Ba a ma yi zancen babura da tumaki da bidunan mai ba.

Ruwan da ke tsatsowa cikin jirgi shi ma lodi ne. Litar ruwa 1 kilo 1 ce. Ruwan da zai cika bido 10 masu lita 20 ya kai kilo 200, nauyin mutum 3. Kuma wannan lodi ya fi kowane sharri, domin ba ya zama wuri ɗaya. Jirgi ya ɗan karkata hagu, sai ruwan duka ya gudu hagu, ya ƙara danne shi. Saboda haka yaron da ke kwashe ruwa da kwano babban aiki yake yi. A bar masa fili. Kada a danne wurinsa da kaya.

Ga wani lissafin kuma. In kuɗin fito dala 40 ne, mai jirgi ya ƙara mutum 10 a kan ƙa'ida, ya samu dala 400, wato jikka 2. A kan jikka 2 ya jingina jirginsa, da injinsa, da ransa, da rayukan mutane. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Shiga da zama

Kaya ake fara sawa kafin mutane. Masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, a raba su dama da hagu daidai. A ɗaure abin da zai iya gangarawa, kamar tano da babur. Kada a tula kaya har su tsare wa matuƙi gani. Matuƙin jirgi mai inji a baya yake zama. In tulin buhuna ya rufe masa gaba, makaho ne ke jan ku.

Mutane su shiga ɗaya bayan ɗaya. Ka miƙa kayan hannunka tukuna, don hannuwanka su zama sake. Ka sa ƙafa a tsakiyar jirgi, kada ka taka bakinsa. Ka sunkuya, ka dafa, ka tafi inda aka nuna maka, ka zauna. Kada ka yi tsalle daga gaɓa zuwa cikin jirgi.

A nan akwai wata magana mai wuya a wurinmu. Mun saba a ba babba wuri mai daraja. Alhaji ko mai gari yakan so a ɗora masa kujera, ko ya hau bisa kaya inda ruwa ba zai taɓa rigarsa ba. A cikin jirgi, mai jirgi ke raba wurin zama, kuma da nauyi yake rabawa. In ya ce wa dattijo, Baba, yi haƙuri ka dawo tsakiya, ba raini ba ne. In ya raba mace da ƙawarta don ya daidaita gefe biyu, kada a yi fushi. Mai jiki a tsakiya yake zama, ko shi wane ne.

Akwai wuraren da ba a zama sam. Ba a zama a kan bakin jirgi. Mai zama a nan yana karkatar da jirgin, kuma ƴar girgiza kaɗan za ta jefa shi ruwa ta baya. Ba a zama bisa tulin kaya ko bisa rumfa. Ba a zama a kan goshin jirgi ana reto da ƙafafu, abin da samari ke so ke nan. Wanda ya faɗo daga goshi, jirgin ne zai bi ta kansa, kuma farfelar inji tana jiransa a baya. Farfela tana yanka kamar adda. Kada kuma a bar yaro ya sa hannu a ruwa in ana kusa da wani jirgi ko gaɓa, don kada a matse masa yatsu.

Yara a tsakiya suke zama, a ƙasa, kowane yaro da babban da ke riƙe da shi. Mace ɗaya ba za ta iya kula da yara 4 a ruwa ba. In dole ne a tafi da su, tun a gaɓa a raba su ga manya, kowa ya san nasa.

Ƴan'uwa mata, ga taku. Goyo a baya yana da kyau a tudu. A jirgi ya fi kyau a kwance goyon, a riƙe jariri a cinya. In uwa ta faɗa ruwa da goyo, ba ta ganin fuskar ɗanta, ba ta san ko kansa na cikin ruwa ba, kuma mai ceto ba zai iya karɓarsa da sauri ba. Dogon hijabi da babban mayafi, in sun jiƙe, suna naɗe hannu suna rufe fuska. A tattare su, kada a bar su suna ja. Haka babbar riga da rawani da takalmin roba mai tsawo a wurin maza. Tuɓe babbar riga ka naɗe ta har a ƙetare.

Dabbobi fa? Akuya da tunkiya a ɗaure musu ƙafafu a kwantar da su. Sa ko saniya ba abokan tafiyar mutane ba ne a ƙaramin jirgi. Sa ɗaya ya fi mutum 3 nauyi, a tsaye yake, kuma in ya firgita ba ya jin magana. A yi masa sawu nasa dabam.

In ana ruwan sama akan lulluɓe mutane da tanti. A riƙe shi da hannu kawai. Kada a ɗaure shi a jikin jirgi ta kowane gefe, domin in jirgin ya kife tantin zai zama tarko. Inda akwai bidunan esansi kuwa, ba taba, ba ashana.

Kada a tashi gaba ɗaya

Tsoro yana kifar da jirgi. Igiyar ruwa ta fantsamo ta dama, sai kowa ya zabura ya koma hagu. Wani ya ce ga dorina, sai kowa ya leƙa gefe guda. Maciji ya fito daga cikin damin itace, sai a watse. Mutum 20 in suka matsa gefe ɗaya lokaci guda, sun tura fiye da kilo 1000 zuwa wannan gefen. Ba jirgin katakon da zai so haka.

In jirgi ya fara rawa, abin yi shi ne a ƙara yin ƙasa. Kowa ya zauna inda yake, ya dafa, ya yi shiru don a ji muryar matuƙi. In hula ko takalmi ya faɗa ruwa, a bar shi. In mai jirgi ya ce a zubar da kaya, a zubar, ko buhun wane ne. Za a yi shari'ar buhu a tudu.

Wurin sauka ma haka. An hango gaɓa, kowa ya miƙe, kowa yana jan kayansa, kowa yana so ya riga wani. Sau da yawa bakin gaɓa yana da zurfi, kuma ruwan da ya shanye kan mutum ya isa ya kashe shi ko da taku 5 ne zuwa tudu. A zauna har a ɗaure jirgi. Sannan a fita ɗaya bayan ɗaya, na kusa da gaɓa su fara.

Tuƙin ganganci

Yanzu mu juya ga masu jirgi. Sana'arku tana da daraja. Iyayenku Sarkawa da sauran masu fito sun san kogi kamar tafin hannunsu. Amma su da filafili da gora suke tuƙi. Inji ya kawo gudu, gudu kuwa ya rage lokacin gyara kuskure.

Tsere shi ne na farko. Jirage biyu suna rige-rigen isa mashigi don kwasar mutane, ko samari suna gwada ƙarfin inji. Jirgi ba shi da birki. In ka hango kututture kana cikin gudu, ba abin da za ka taka. In ka murɗa da ƙarfi don ka kauce, jirgi mai lodi zai kwanta gefe ya sha ruwa. Ana rage wuta kafin kwana, a yi ta da faɗi. Sauri ya haifi nawa.

Babban jirgi mai gudu yana barin igiyar ruwa a bayansa. Matuƙi ya wuce abinsa, bai waiwaya ba, ƙaramin kwale-kwalen masunci ya kife a baya. Wannan alhaki a wuyansa yake. A rage gudu kusa da ƙananan jirage, da wurin da mata ke wanki, da inda yara ke wanka, da mashayar dabbobi, da inda aka kafa taru. A kashe inji in akwai mutum cikin ruwa kusa da jirgi.

Ruwa ma yana da hannun tuƙi kamar hanyar mota. Ƙa'idar da aka sani a duniya ita ce, in jirage biyu masu inji suka fuskanci juna, kowa ya kauce damansa. Mai son wuce wani shi ne zai ba da tazara. Mai inji ya kauce wa mai filafili. A wuri mai ƙunci, kamar tsakanin ƙafafun gada, mai hawa ruwa ya jira mai gangarowa, domin mai gangarowa ruwa ke tura shi, tsayawa tana yi masa wuya.

Sai tafiyar dare. Da dare ba a ganin kututture, ba a ganin dutse, ba a ganin tarin kainuwa da zai naɗe farfela. In abu ya faru, ba wanda ya gani daga gaɓa, masu ceto ma ba su san inda za su nufa ba. Mutanen Patigi da dare abin ya same su. A Najeriya, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta hana jigilar mutane da dare, ta kuma wajabta sa rigar ceto. A tashi daga kasuwa da sauran rana. In magariba ta yi, a kwana. In ciwo ko haihuwa suka tilasta fita, a rage mutane, a kunna fitila, a tafi a hankali, a kuma sanar da na ƙetare ta salula.

Akwai abin da ba a so a faɗa, amma za mu faɗa. Wasu matuƙa suna shan ƙwaya, irin su taramol, wai don kada su gaji. Wasu giya. Mai maye yana ganin nesa kusa, yana jin ba abin da zai same shi. Wanda idonsa ya juya, ko maganarsa ta sauya, kada ku shiga jirginsa. Haka mai jirgin da zai miƙa wa yaro ɗan shekara 12 inji, shi ya koma yana karɓar kuɗi. Yaro ya koyi tuƙi a jirgi marar mutane, ubangidansa na kusa da shi. Matuƙi kuma ya ajiye salula har ya isa.

Kowane jirgi mai inji ya riƙe filafili da gora da igiya da kwanon kwashe ruwa. Inji yana mutuwa, mai yana ƙarewa. Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar kogi, ruwa zai juya shi ya ba igiyar ruwa gefe, kuma ta gefe jirgi ke kifewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowane lokaci da halinsa

Kogin Isa sau biyu yake cika a wajen Yamai da Gaya. Akwai jan ruwa na damina, a watannin Agusta da Satumba, mai gudu, mai ɗauke da itatuwa da ciyayi. Akwai kuma ruwan da ke tasowa daga ƙasar Gine, ya daɗe a hanya cikin ƙasar Mali, ya iso mana da sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Mutum zai ce ai rani ne, ba haɗari. Alhali a lokacin kogi yana da faɗi da zurfi, ga iskar hunturu, ga hazo mai rufe gani. Haɗarin Sambera a Fabrairu ya faru. Da bazara ruwa yana janyewa, sai duwatsu da tudun rairayi su matso kusa da gindin jirgi. A farkon damina kuwa guguwa ke riga ruwan sama isowa. In hadari ya haɗu a gabas, a jira ya wuce. In ya tarar da ku a tsakiya, a nufi gaɓa mafi kusa, ko ba ita ce ake nufi ba.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa. Yana iya kawo ruwa da ƙarfi alhali ko ɗigo bai sauka a garinku ba. Mashigin da aka ƙetare da safe ruwa iya gwiwa, da la'asar yana iya shanye mutum. Gulbi ba shi da faɗin kogi, shi ya sa ake raina shi, ana cusa mutane da garma da buhun taki cikin ɗan kwale-kwale.

Inda dorina take, kamar wajen Ayoru, a ba ta hanya da nisa, balle mai ɗa.

Wa zai hana?

Mai jirgi ba shi kaɗai ke da laifi ba. Mu ma muna matsa masa. Don Allah ni kaɗai ne. Ai ɗan buhu ɗaya ne. Wanda ya ga lodi ya yi yawa kuma yakan ji kunyar sauka, kada a ce matsoraci ne. Sai ya ce Allah ya kiyaye, ya zauna. Addu'a tana da kyau. Amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa. Ka sauka. Ka ce, Malam, zan jira sawu na gaba. Watakila saukarka ta ba wata mai goyo ƙarfin hali ita ma ta sauka.

Gari ma yana da abin yi, kuma ba ya cin kuɗi da yawa. Sarkin ruwa da mai gari da masu fito su zauna. A gwada kowane jirgi, a ja masa layi da fenti a jikinsa. In ruwa ya taɓa layi, lodi ya ƙare. A rubuta yawan mutanen da yake ɗauka da manyan lambobi a goshinsa. A sa layin jirage kamar na tashar mota, kowa da bi da bi, don tsere ya mutu. Ranar kasuwa a ƙara sawu. Wanda ya ƙi, a kai maganarsa ga magajin gari ko jandarma.

Ga kuma inda karatunku zai yi amfani. Sau da yawa in jirgi ya kife ba a san ko mutum nawa ke ciki ba. Masu ceto ba su san ko su ci gaba da nema ko su daina ba. Mutum ɗaya da ya iya rubutu, da littafi da biro a bakin mashigi, ya isa. Ya rubuta sunan mai jirgi, da lokacin tashi, da yawan manya, da yawan yara, da yawan buhuna. Mai jirgin da ya san ana rubutawa zai yi tunani kafin ya ƙara.

Rigar ceto tana riƙe mutum a saman ruwa ko bai iya iyo ba. In an ba ka, ka sa, ka ɗaure igiyoyinta. Wadda aka zauna a kanta ba ta ceton kowa. Ƙungiyar masu fito tana iya yin adashi ta riƙa saye kaɗan-kaɗan, a fara da na yara. Kafin a samu, a ajiye bidunan roba marasa komai, a rufe bakinsu tam, a ɗaura musu ƴar igiya. Bido mai lita 20 yana iya riƙe kan babban mutum a sama in ya rungume shi. Bai kai riga ba, domin wanda ya suma zai sake shi. Kada a ɗaure bidunan a jikin jirgi, a bar su inda za su taso da kansu.

In jirgi ya kife

Jirgin katako sau da yawa ba ya nutsewa duka. Ka kama shi, ko bido, ko wani abu mai yawo. Kada ka kama mutum. Kada kowa ya yi ƙoƙarin hawa bisa jirgin ta gefe ɗaya. In dole ka yi iyo, kada ka yi faɗa da ruwa. Bi shi, kana karkata zuwa gaɓa a hankali.

Kai da ke tudu, kada ka faɗa ruwa in ba gwani ba ne. Mai nutsewa yana riƙe duk abin da ya samu, ya tafi da shi. Miƙa masa gora, ko ka jefa igiya, ko bido, ko ka kwance rawani ka jefa masa bakinsa. A kira masunta. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

In an fito da mutum, kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danna masa ciki wai don ruwa ya fita. Wannan yana jawo amai ya toshe masa numfashi, yana kuma ɓata lokaci. A kwantar da shi rigingine, a ɗan ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. In yana yi, a juya shi ya kwanta ta gefe, a cire jiƙaƙƙen kaya, a lulluɓe shi. In ba ya yi, a toshe hancinsa a hura masa iska a baki sau 5. Sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa har ya motsa ko ma'aikacin lafiya ya iso. Ku roƙi ma'aikatan gidan likita na kusa da ku su gwada muku wannan da hannu, domin karatu kaɗai ba ya koyar da shi.

Wanda ya farfaɗo, ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi gidan likita ranar nan. Ruwan da ya shiga huhu yana iya ta da tari da wahalar numfashi bayan wasu awoyi. Yaro kuwa kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a wannan dare.